Dokin Kakana da Wuƙar Kawu Ladan

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta zo aron allura sai ta zauna, wadda ta zo gaida Inna sai ta leƙo ɗakina, tambayar dai ɗaya ce: "Kulu, wai da gaske ne abin da aka ce kin je kin rubuta?" Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na kai wurin da ya fi daɗi sai Inna ta shigo in haɗiye sauran. To ga shi a takarda. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, amma kada ta bar shi inda miji mai karatun boko zai gani.

Kun san Kawu Ladan, wan Inna, malamin dabbobi ne a nan Sakkwato. Bayan kaka aka ce shi da Baturensu, likitan dabbobi, su zaga ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo su duba ingarmu. Wanda aka samu lafiyayye mai ba da 'ya'ya, a ba mai shi takarda, a riƙa kai masa goɗiyoyi. Wanda aka ga ba zai yi ba, a ja wa sunansa layi da jan fensir, washegari a dandaƙe shi don kada ya ɓata iri. Bature ke jan layi, Kawu ke riƙe wuƙa. Ni kuwa matar Baturen ce ta nemi 'yar makaranta mai jin Turanci da za ta raka ta cikin gidajen mata, Kawu ya ce yana da ɗiya.

Inna ba ta hana ba, don tana da nata dalili. Zangon ƙarshe ƙauyen kakana ne, Baba Arzika, mahaifinta, can gefen Goronyo, kuma yana da wani tsohon doki da ya fi son shi da kowa a gidan. Kawu shi ne ɗansa na fari, saboda haka tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya kuma yi masa magana ido da ido. Tun da Kawu ya kama wannan aiki abin ya ƙaru, ko a bayan ido ba ya ce masa komai sai "mai wuƙa". Ranar da za mu tashi Inna ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "In wuƙar kawunki ta taɓa dokin ga, shi da Baba sun rabu har lahira. Ki sa ido." Na ce to, ban san da me zan sa idon ba.

Ni dai da wani tunani na fita. Na ɗauki sabon littafi don in rubuta waƙar Gulbin Rima, da farfarun balbelu, da matan da ke ɗibar ruwa. Aka ɗora ni bayan lori tsakanin akwatin madubin likita da wata kujera mai rami a tsakiya. Na zauna kanta har rabin hanya ina jin daɗin iska, kafin kukun Bature ya matso ya raɗa mani abin da Bature ke yi a kanta. Sauran hanyar a kan buhun dusa na yi ta.

A Rabah aka fara aikin, ƙarƙashin wata durumi, gari duk ya fito. Bari in gaya maku yadda ake yi, tunda abin da kuke son ji ke nan. Da farko a zagaya da dokin a ga tafiyarsa. Bature ya buɗe bakinsa ya karanta shekarunsa a haƙora, ya duba ido, ya ɗebi ɗigon jini a kunne don neman cutar sammore. Sannan ya ɗaga wutsiya ya cusa ɗan tsinken gilashi na awon zafin jiki. A nan dattawa suka fara tasbihi. Daga nan sai a sa wa dokin dabaibayi, Bature ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya kama maraina da hannu biyu kamar mai zaɓen lemo a kasuwa. Ya matsa ya ji ko da tauri ko kumburi, ya ga ko biyun sun sauko kuma sun yi daidai, ya zaro igiyar awo daga wuya ya auna. Ya duba gaban dokin ko da miki. Ya tambayi mai shi 'ya'ya nawa dokin ya ba da. A ƙarshe a kawo goɗiya mai nema a ga abin da zai iya. Kafin azahar an sa wa Baturen suna Mai Igiya, kuma sunan ya riga mu isa Wurno.

Ni da Uwargida, matar Baturen, muna can nesa cikin inuwa, wai ba mu gani. Doki na huɗu ne ya canza mani aiki. Kawu ya sunkuya yana rubuta awo, dokin ya kaɗa wutsiya ya share masa tabarau, ya ja da baya ya taka su a hankali kamar da gangan. Ba tabarau, Kawu ba ya bambanta biyu da bakwai. Mai Igiya ya waiwaya ya ga 'yar makaranta zaune da fensir a hannu. Kawu ya ce ai mace ce, bai dace ba. Bature ya ce littafi bai san mace ba. Na tambayi Kawu a hankali yadda zai yi da wancan aikin na wuƙa tunda ba ya gani. Ya ce, "Rubutu na ba ni gani. Wancan ko ido ruhe ina yin shi." Haka na koma magatakardar maraina, mayafi ja har hanci, ina rubuta dama kaza, hagu kaza.

Su Bature a bariki suka sauka, ni a cikin gida wurin wata tsohuwa mai suna Tumba. Ta aje mani tuwon dawa da miyar kuka da ta sha daddawa, ta zauna tana kallona.

"Ke ɗiyar boko, mi kunka zo yi garin ga?"

Na ce duba lafiyar dawaki.

"Lahiya? Ni na gani ta kan katanga. Wanga Nasara uwatai ba ta koya mai kunya ba." Ta tauna goro. "Amma dai aikin da kyau. Ki ce mai in ya gama da dawaki shi bi gida gida. Da za a yi ma mazan garin ga wanga awo, jan hensir ɗin nan ba shi kai Juma'a."

Matan gidan suka fashe, wata har ta tuntsure da ƙwaryar fura. Ni da na zo da kunyar birni, sai na ga ashe ni kaɗai ce baƙauya.

Abin da ya fi ba su mamaki game da Turawan ba awon ba ne. Sun ga miji da mata suna tafiya hannu cikin hannu da rana tsaka, suna ci a tebur guda, ta kira shi da sunansa gatsau, ya amsa. Tumba ta ce wannan ba aure ba ne, abota ce. Su kuma mutanen hanya sun ɗauka Bature ƙwai kaɗai yake ci. Kowane ƙauye muka tsaya sai an tarbe mu da ƙwarya cike da ƙwan zabi, wasu tun na damina. A Achida kuku ya fasa ɗaya a bakin kasuwa, har masu awon hatsi suka tashi daga rumfa.

Wurno gari ne na shinkafa da albasa. Albasa a miya, albasa a rumbu, albasa a shimfiɗe kan rufin ɗaki, har ruwan randa sai na ji kamar ya gaisa da ita. A can aka kawo dokin da ya fi duk wanda na taɓa gani kyau, baƙi wuluk, irin wanda ake kira akawal, yana sheƙi kamar an shafe shi da man shanu. Na wani attajiri ne mai fataucin albasa. Gero jiƙaƙƙe yake ci, da kanwa, ba ya taka ƙasa sai ranar Juma'a. Da aka tambayi 'ya'yansa, mai shi ya ce Allah ya kiyaye, bai taɓa barin shi kusa da goɗiya ba, kada ta tsotse masa ƙarfi. Ya kawo shi ne kawai don a rubuta cewa ya fi na kowa.

Aka kawo goɗiya, ya yi abin da ya iya, da ƙyar, yana haki. Mai Igiya ya ɗebi ɗigo daga abin da dokin ya zubar ya sa a gilashi ƙarƙashin madubi, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni. Ya fara nuna mani na wani dokin manomi da aka duba kafin wannan. 'Yan'uwa, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wani ɗan tafki ne mai haske, cike da 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu wutsiya kamar talibambam, kowa na iyo, kowa na sauri, ba wanda ya san inda za shi. Na tsaya ina tunanin ashe kowane doki mai haniniya daga nan ya faro, har Bature ya yi gyaran murya. Sannan ya sa na attajirin. Tafkin nan shiru. 'Yan ƙalilan ne, su ma kwance, ɗaya na motsa wutsiya kamar mai korar ƙuda cikin barci.

Attajirin ya ce sai ya gani da idonsa. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Hutawa su kai. Ɗiyan manya ba su gudu."

Jan fensir ya bi ta kan sunansa. Attajirin ya roƙa, ya aiko da buhun albasa bariki, aka mayar masa. Da safe ina cikin gida na ji ƙarar dokin, sau ɗaya, doguwa. Dariyar da nake yi tun Rabah ta tsaya cak. Da Kawu ya dawo yana wanke hannu na ga bai dubi kowa ba, kuma daga nan har Goronyo ko ruwa sai an tuna masa.

Tsakanin ƙasar Wurno da ta Goronyo akwai wata tsamiya da aka ce ita ce iyaka. Mutumin da aka haɗa mu da shi ya raka mu ya tsaya daidai gindinta, na wancan gefe ya zo ya tarbe mu, lori kuma ta zaɓi wurin ta nutse cikin rairayi. Sai gardama. Namu ya ce ƙafafun gaba sun tsallaka, mota ta zama ta Goronyo. Wancan ya ce nauyin duk a baya yake, kuma baya na ƙasar Wurno. Suna cikin haka wasu masunta suka biyo da koma a kafaɗa, suka tura mu ba tare da sun tambayi ƙasar wa ba, suka sayar wa kuku kifi ragon ruwa biyu, suka wuce.

Mun isa ƙauyen kakana da hantsi. Yana zaune a ƙofar gida kan buzu. Kawu ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya yi gaisuwa, tsohon ya amsa wa iska yana kallon wani wuri. Da ya gan ni kuwa sai fuska ta washe.

"A'a! Ga matata ta boko. An ce kin samu aiki babba, kina auna abin da ko uwarki ba ta hwaɗin sunanai."

Na ce, "Mijin banza, ko goro ba ka aje mani ba. Ka yi hankali, igiyar tana nan cikin mota, kuma ba a ce dawaki kaɗai ba."

Ya yi dariya har da tari. Amma da aka ce a fito da doki, dariyar ta ɗauke.

Ban san yadda zan yabi dokin nan ba. Bidi ne, fari da baƙi a gauraye kamar toka, bayansa ya lotsa. Leɓensa na ƙasa a sake yake, yana reto kamar na mai shirin kuka, ga wani farin tabo da ya karkace daga goshi ya zubo gefen hanci, kamar an watsa masa kunu. Haƙora suka ce tsoho ne. Jini lafiya. Da Mai Igiya ya durƙusa ya auna, sai na ga ya ɗaga gira ya sake aunawa, don abin da na rubuta ya fi na kowane doki tun daga Rabah. Zuciyata ta ɗan kwanta. Sai aka zo tambaya. Kawu ya yi ta yana kallon ƙasa, kamar da turke yake magana: dokin ya ba da 'ya'ya nawa?

Baba Arzika ya ce, "Wa? Wanga? Babu. Ba shi da ko ɗaya. Ci da tusa kaɗai ya iya."

Bature ya sa aka sake tambaya. Tsohon ya ƙara da cewa ragon doki ne, asarar harawa, shi ma tausayi ya hana shi korar shi. Duk mutanen da ke wurin suka gyaɗa kai. Da hannuna na rubuta babu.

Saura gwajin goɗiya. Aka kawo ta, jama'a suka yi da'ira. Dokin ya shinshine ta, ya dubi taron, ya dubi Bature da gilashinsa a hannu, ya yi hamma, ya sauke ƙafa ɗaya ya fara gyangyaɗi. Aka jira, aka yi fito, aka juya goɗiyar. Ko kunne bai ɗaga ba. Tsoho, ba 'ya'ya, ba sha'awa, kuma mai shi da bakinsa ya ce ba shi da amfani. Jan fensir ya sauka. Aka ce gobe da safe.

Na ja Kawu gefe na ce ya yi magana mana. Ya ce in ya ce wa Bature dokin na da 'ya'ya, ya ƙaryata ubansa a gaban jama'a, kuma Bature zai ce don na gidansu ne. Na koma wurin tsohon, na same shi a barga yana sosa wa dokin wuya.

"Kai tsoho, mi ya sa ka yi ƙarya?"

"Ke, ana ƙidayar ɗiya? Kin taɓa jin na hwaɗi nawa Allah ya ba ni?" Ya ce wani maƙwabcinsa ya taɓa yabon ingarmansa a kasuwa, ya lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ba a yi mako ba aka wayi gari dokin ya kumbura a turke. "Baki ya hi wuƙa kaihi. Gara a yanke shi shina numfashi." Ya ci gaba da sosa wa dokin wuya.

Kakata Ige na tsakar gida tana gyaran kifi, ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Dokin ga ba shi yin abinai gaban taro, ba ɗan iska ba na. Hwadama a ka sakin shi. Ke da kin ka iya karatu, ki tai mashaya da la'asar ki karanta huskoki."

Da la'asar na ce wa Uwargida akwai wuri mai kyau a bakin gulbi da ya kamata ta zana. Muka zauna kan tudu. Ga Rima shimfiɗe, rana na narkewa a cikinsa, abin da na baro gida don in gani, amma ko kallo bai samu ba a wurina. Goɗiyoyin ƙauyukan kewaye suka fara gangarowa shan ruwa, duƙusai na bin su. Uwargida ta zana duƙushi na farko, ta zana na biyu. A na uku ta tsaya, ta dubi takarda, ta dubi ruwa. Leɓe a sake, farin tabo a karkace. Na huɗu ma haka. Wani ja ne, wani fari, wani baƙi, amma duk fuskar mai shirin kuka ɗaya ce, har da wani ɗan jariri da ƙafafunsa ba su gama miƙewa ba. Ta yi wata ƙara, ta tattara siket ta ruga bariki da gudu, abin da matan ƙauyen za su daɗe suna labari.

Mai Igiya ya zo ba ko hula. Ya tsaya ya dubi mashaya, ya ɗaga yatsa ya buɗe baki zai fara ɗaya, biyu. Masu dawakin suka zabura, wani ya fara kora nasa cikin ruwa. Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Na ce masa da Turancin da ya rage mani, don Allah ya sa hannu a aljihu, ya ƙirga a zuci, kuma ya ce tubarkalla da ƙarfi. Ya dube ni kamar na zauce. Matarsa ta faɗa masa wata magana gajera. Ya sa hannu a aljihu. Abin da ya fito daga bakinsa ya fi kama da sunan magani, amma an karɓa.

Ya bi su ɗaya ɗaya yana buɗe baki yana duba haƙora: wannan na bana, wannan na bara, wannan ya shekara uku. Na bana su ne suka gamsar da shi, don su ke nuna tsohon dokin bai yi ritaya ba. Ya tambayi wani mai goɗiya wane ne uban ɗanta. Mutumin ya dubi sama ya ce Allah ne masani, duƙushin kuwa na tsaye kusa da shi leɓe na reto. Bature ya yi dariya har ya zauna a rairayi. Jan fensir ba ya goguwa, sai ya yage shafin ya ce in sake sabo. Ya faɗa mani adadin a kunne na rubuta. Kada ku tambaye ni nawa ne. Jikar Arzika ce ni.

Da safe, maimakon wuƙa, Kawu ya zo ƙofar gida da takarda mai hatimi, ya durƙusa nesa, ya ba ni in miƙa. Na zaci za a gode mani. Mun tarar tsohon ya tashi tun asuba ya shafe dokin da taɓo daga kunne har wutsiya, ya rataya masa layu a wuya kamar mai shirin yaƙi. Na karanta masa takardar, na fassara: lafiyayye, mai iri, a riƙa kawo masa goɗiyoyi.

"Kun kashe ni," in ji shi. "Yanzu har Sakkwato an san shi. Ɗiyar banza, mai idon tsiya. Wa ya aike ki mashaya?" Ya fizge takardar, ya naɗe ta ƙanƙane, ya tura can cikin hula, ya danna hular da hannu biyu.

Direba ya yi oda. Kawu ya yi sallama ya miƙe, ya juya zai tafi kamar yadda ya saba, ba tare da jiran amsa ba. Sai tsohon ya yi gyaran murya. Bai dube shi ba, dokin yake kallo, yana ɓanɓare masa taɓo a gefen ido.

"Ke Kulu. Ki ce ma wancan ragon, malalacin banza da ba shi da amfani ga kowa, an dama hura. Shi sha kahin shi tahi."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, na ga ba sai na yi ba. Kawu ya riga ya koma ya zauna a bakin buzun, can gefe. Ige ta kawo ƙwarya. Direba ya yi oda ta biyu, ya yi ta uku, Mai Igiya ya leƙo yana nuna agogo. Kawu bai tashi ba sai da ya shanye, ya miƙa aka ƙaro.